Batirin Keken Ottmar

Da safiyar ranar da za su shiga jirgin ruwa daga Passau zuwa Budapest, Ottmar Reindl ya zauna a kekensa na guragu a zauren otal, ya danna maɓalli, keke ya ƙi motsi. Gerlinde Haberl ta durƙusa ta leƙa ƙarƙashin kujera. Gurbin batir wayam.

Su huɗu ne, shi da Gerlinde da Alois da Egon, abokai tun ƙuruciya daga garin Landshut. Bara ɓarin jikin Ottmar ya shanye, wannan ce fitarsa ta farko. Lif ɗin hawa bene na otal ya yi wa keken kaɗan, shi ya sa keken ya kwana a zaure.

Alois, mai jar riga, wanda ya shirya tafiyar, shi ya fara ɗaga murya. Ya nuna wani dattijo mai ɗaukar kaya, Mirko.

"Wancan ne! Tun jiya nake ganin yana shawagi kusa da keken. Manaja, a caje shi!"

Mirko ya cire hula. Ran Gerlinde ya ɓaci. Ta yi aikin 'yar sanda har ta yi ritaya, ta san yadda ake rataya wa mara gata laifi.

"Alois, rage murya. Malam Mirko, zo ka nuna min inda ake zare batirin."

Mirko ya lalubi baya, ya lalubi gefe, bai samu ba. Maƙullin yana ɓoye ne a cikin hannun kujera.

"Ɓarawon titi da keken gaba ɗaya zai tafi," in ji ta. "Wannan aikin wanda ya ga yadda muka naɗe shi jiya ne. Ni, da Egon, da kai."

"Lallai ma!" in ji Alois. "Mu za ki tuhuma? To dai dokar jirgi a fili take: wanda ba zai iya kai kansa ko'ina ba, ba sa ɗaukarsa. Ottmar, haƙuri za ka yi, sai wata shekara."

Sabuwar hular da Ottmar ya saya domin tafiyar tana kan cinyarsa.

Gerlinde ta ja Egon gefe, shi ne ya tuƙo su.

"Ka sauko da sassafe?"

"Ni? Ke kika buga min ƙofa na tashi. Kuma dubi kafaɗar nan da aka yi wa aiki. Ko buta ba na iya ɗagawa, balle wancan batir mai nauyin dutse."

"Mukullin motarka fa?"

"Ga shi. Alois ya ara ɗazu, wai ya manta lema a but ɗin bayan mota."

Gerlinde ta kalli taga. Rana ƙwal, ko gajimare babu. Ta nufi mai karɓar baƙi.

"'Yata, akwai wanda ya zo wurinki daga cikinmu kafin karin kumallo?"

"E, mai jar rigar nan. Ya ce in nemo masa motar haya mai ɗaukar keken guragu zuwa Landshut."

Gerlinde ta karɓi mukulli ta sauka gareji tare da manaja. A but, ƙarƙashin bargo, ga batir. Manaja ya sungumo shi ya dire a gaban kowa.

"Ka yi wa Ottmar odar motar komawa gida tun bai san kekensa ya mutu ba," ta ce wa Alois. "Ka san maƙullin. Ka ari mukulli don lemar da ba ka shigo da ita ba. Kai kaɗai kuma ka haddace dokar jirgi. Me ya yi maka?"

Alois ya yi jajir. "Ku ma kun sani, faɗa ne ba kwa yi! Gidajen sarautar da za mu ziyarta a hanya duk a kan duwatsu suke. Ko'ina sai mu tsaya jiransa, rabin abin ba za mu gani ba. Shekara nawa ina mafarkin tafiyar nan? Da na mayar masa da kayansa in mun dawo."

"Mirko kuma fa? Ya rasa aikinsa don ka ga gidan sarauta? Tir!"

"Amma kai dai an yi ɗan banza," in ji Egon.

Manaja ya tambaya ko a kira 'yan sanda. Sai a lokacin Ottmar ya buɗe baki, a hankali, da harshensa mai nauyi.

"A'a. Ya ba mutumin nan haƙuri, da ƙarfi kamar yadda ya zage shi."

Alois ya bayar, idonsa a ƙasa. Mirko ya taimaka aka mayar da batir.

A bakin kogi Ottmar ya hau gadar jirgi da kansa, Gerlinde da Egon na biye. Alois ya tsaya can baya da akwatinsa, ba wanda ya waiwaya. Da ma'aikacin jirgi ya tambayi tebur na mutum nawa, Ottmar ya ɗaga yatsu uku.

"Kartarmu fa ta mutum huɗu ce," in ji Egon.

"Jirgi cike yake," in ji Ottmar. "Ba za mu rasa mutumin kirki ɗaya ba."