Malama Mai Kwaɓa Yumɓu

Radiyya na tsakar gida tana kankare yumɓun da ya maƙale mata a farce aka ce Lukman na sallama. Ta zari mayafi da murna, amma tana ganin fuskarsa a zaure ta san ba lafiya ba.

"Hajiya ce," ya ce bayan sun gaisa. "Jiya ta hango ki a bakin kogi, kwano a ka, yara na binki, zaninki duk taɓo. Ta ce ita malama aka ce mata zan aura, ba mai ginin tukwane ba. Ta hana su Kawu zuwa sa rana."

"Inna lillahi! Furojet ɗina na makaranta ne fa, Lukman!"

"Na sani. Ki canza shi mana, ki ba su takarda da kala kawai. Don Allah, Radiyya."

Hawaye ya cika mata ido. Ɗaliba ce mai koyon aikin koyarwa a wata firamare a Wudil, mako uku ke nan tana koya wa 'yan aji huɗu gina abubuwa da yumɓu. Tana son Lukman har cikin ranta, amma ta yi wa yara arba'in alkawarin za a gasa kayansu su kai gida.

"Ba zan yi musu ƙarya ba," ta ce a hankali. "Ka ba Hajiya haƙuri. Zan jira."

Jiran kuwa ta yi shi, da kuka da rama. Ita ko Hajiya Hansai, mahaifiyar Lukman, mace ce da in ta kafe ko tsohuwar ƙusa albarka.

A ajin akwai jikarta Yusra, 'yar Safiyya, yayar Lukman da ta rasu bara. Tun rasuwar uwar, yarinyar ta zama shiru-shiru, ko a gida sai dai ta gyaɗa kai. Da Radiyya ta ce kowa ya gina abin da ya fi so a gidansu, wasu suka yi saniya, wasu turmi. Yusra ta yi ɗan kaskon turare, ta ɓalle masa baki da gangan. Da aka gasa kayan, kowa ya kai nasa gida.

Ranar Alhamis Radiyya na share aji sai ga Hajiya a bakin ƙofa, kaskon a hannunta. Radiyya ta durƙusa.

"Ina wuni, Hajiya?"

"Ke kika sa ta yin wannan?"

"Ita ta zaɓa, Hajiya. In laifi ne—"

"Irin kaskon uwarta ne, har ɓallin bakin!" Muryar Hajiya ta karye. "Jiya ta zaunar da ni tana ba ni labarin yadda Safiyya ke turara mata kaya. Wata goma rabon da in ji ta kira sunan uwarta. Wata goma, 'yar nan!"

Ta kamo hannun Radiyya ta tashe ta, duk suna hawaye.

"Ki yafe mini. Ki gaya wa Babanki ranar Asabar muna tafe."

Da kaka aka ɗaura aure. Radiyya ba ta yi rashin kunya ga babba ba, ba ta kuma karya alkawarin yara ba, sai Allah Ya bayyana gaskiyarta ta hannun marainiya. Iyaye kuma a daina yanke wa 'yar mutane hukunci daga nesa, a matsa kusa a ga abin da take yi.