Dashen Mai Lambu a Bayan Dutse

A tashar mota Mai Lambu ya fara ganin Auta, tana kare fuska da mayafi daga iska mai zafi. Shi mai lambu ne daga gaban dutse, inda ruwa ke zuba har a gaji da shi. Ita kuwa 'yar bayan dutse ce. Hadari kan taso ya hau dutsen, sanyi ya kama shi, ya juye ruwansa kaf a can, iskar ta gangaro musu a bushe. Kafin motarsa ta cika ya karɓi lambarta.

Da ya nemi aurenta, Baban Auta ya ce ba zai ba wanda bai san fari ba 'yarsa, ga wani mai tankar ruwa ma yana ta zarya wurinta. Da magiya ta yi yawa, ya ce Mai Lambu ya dasa itatuwa a gonarsa. In ko ɗaya ya rayu har kaka, ya ba shi ita.

Abin nema ya samu, matar falke ta haifi jaki. Ya dasa yadda ubansa ya koya masa, kowane dashe a kan tudun ƙasa don kada ruwa ya ruɓar da saiwa. Ɗan yayyafin da ya tsallako dutsen ya gangare ya bar su, suka yi ta bushewa.

Kunya ta hana shi ɗaukar wayarta, ita kuma ta ɗauka ya haƙura da ita. Ta rame, kullum cikin kuka.

Ta rubuta masa: "Daminata, in ka fasa ka faɗa min. Shirun nan yana kashe ni."

"Inuwata, saura ɗaya, shi ma ya yanƙwane. In ya mutu na rasa ki."

Ta same shi a gonar, ta ga tuddai, ta rasa dariya za ta yi ko kuka.

"A kan tudu? Mu nan rami muke yi wa itace, ya tare ɗan abin da Allah ya aiko."

Suka haƙa rami suka mayar da dashen ciki, suka rufe gindinsa da kara. Kullum sai ya zo ya tsuguna yana leƙen ganye.

Da kaka Baba ya je ya daɗe yana kallon ɗan tsiron.

"Mummuna ne, amma da ransa. Turo manyanka."

Ranar ɗaurin aure Baba ya riƙe hannun angon ya sa musu albarka.

"Allah ya ba ku zaman lafiya, ya raya muku zuri'a."