Rabin Kofi

Kwana uku da dawowar Auta gida, bai zauna wuri guda ya cika minti goma ba. Shekara bakwai ya yi a wata ƙasa yana aiki a ɗakin gwaje-gwaje, ya dawo ya tarar falon Inna ya ƙanƙance masa. Kujerar marigayi mahaifinsa na nan gefen taga, hannunta na dama ya goge har katakon ya yi fari. Agogon bango kuwa ya tsaya tun bara.

"Kai dai Ƙafar Yawo ne tun kana ciki," in ji Inna. "Zauna mana, kana sa ni jiri!"

"Agogon nan zan kai gyara, Inna."

Gwaggo, ƙanwar mahaifinsa, ta kwashe da dariya. "Agogo, ko 'yar mai agogo?"

Inna ba ta yi dariya ba. "Na faɗa maka a waya, yanzu ga ni ga ka. Yarinyar ba ta da aibu. Amma ubanta ciwon karkarwa gare shi, kuma an ce yana bin jini. Ban yarda da auren nan ba!"

Auta ya sauke agogon ya fice.

Layin shagunan na nan yadda ya bar shi, sai dai bishiyar da suke fakewa in an taso makaranta an sare ta. A shago na huɗu ya hango 'yar mai agogon, ta maƙala gilashin gyara a ido ɗaya, ta duƙufa a kan teburin da mahaifinta ya yi shekara talatin a kai. Tsinke yake kiranta tun suna yara, don rashin kaurinta.

"A'a! Su Ƙafar Yawo an tuna hanya?"

"Sori, Tsinke. Ai kullum ina kira."

"Waya ba ta ɗaukar min Baba zuwa asibiti," ta ce, amma murmushi ya ci amanarta.

Mai Agogo na zaune a lungu, hannunsa na dama na kaɗawa a kan cinyarsa kamar mai ƙirga abin da ba ya ƙarewa. Auta ya durƙusa ya gaishe shi. Tsinke ta buɗe filas, ta cika wa Auta kofi taf, ta zuba wa mahaifinta rabi, don kada ya zube masa in hannun ya motsa.

Auta ya ƙura wa kofin ido. Rabin kofi! Haka Inna ke zuba wa mahaifinsa kullum safiya. Ita ke ɓalle masa maɓallan riga tana tsokanarsa, "Maigidan nan ɗan gata ne." Shi kuma kullum hannunsa na dama ko yana aljihu, ko ya damƙe hannun kujera. Auta na da shekara goma sha biyu mahaifin ya rasu, aka ce gajeruwar jinya ce. Shekara bakwai Auta yana leƙen wannan ciwo ta madubin gwaji, ashe a falonsu ya fara ganinsa bai sani ba.

"Ɗana," in ji Mai Agogo, "an ce aikinka ke nan. Wai me ya lalace a cikin injin nan nawa?"

Auta ya share ido da sauri. "Baba, kowace ƙwayar halitta a jikinmu bangonta na wani irin kitse ne, kuma kullum yana tsufa ana sabunta shi. A cikinta akwai ɗan ɗaki na 'yan jari-bola, masu narkar da tsohon su mayar da shi abin amfani. In suka yi sanyin aiki, shara ta taru, ƙwayoyin jijiyar ƙwaƙwalwa su suka fi jin jiki, don ba a cika samun madadinsu ba. Wani gadon raunin yake yi, wani kuwa haka kawai."

"Wato datti ya shiga tsakanin haƙoran agogo," in ji tsohon, ya yi dariya. "Da ka ce haka tun farko!"

Da ya koma gida ya tsuguna gaban Inna. "Inna, me ya sa kike zuba wa Baba rabin kofi?"

Gwaggo ta sunkuyar da kai. Inna ta daɗe tana kallon kujerar, sai hawaye shar!

"Shekara tara na ɓoye, don shi ya roƙe ni kada 'ya'yansa su gan shi a haka. Ni na san abin da ciwon nan ke yi wa gida, Auta. Kullum da fargabarka nake tashi. To in aka haɗa jini biyu fa? Jikokina fa?"

Nan ya gane ba ƙiyayya ba ce, kuma tsoron nata yana da tushe, don in uwa da uba duk suna ɗauke da rauni iri ɗaya, ɗansu na iya samun ciwo mai tsanani.

"To a gwada mu duka biyun, ni da Tsinke," ya ce. "Abin da ya fito, mu yi haƙuri da shi."

Sati shida aka jira. Mutumin da ba ya iya zama ya koyi zama a bencin shago, yana miƙa wa Tsinke 'yan ƙusoshin da suka fi ƙwayar yashi ƙanƙanta.

Sakamako ya fito. Tsinke ba ta ɗauke da raunin da aka duba. Auta ne ke ɗauke da shi.

Ran nan ya jawo akwatinsa daga ƙarƙashin gado, ya haɗa kaya, ya je shagon da takardar a hannu.

"Na sake miki mara, Tsinke. Kin yi jinyar uba, ba zan sa ki jinyar miji ba. Zan koma."

"Likita ya ce lallai za ka kamu?" in ji Mai Agogo.

"A'a, Baba. Mafi yawan masu shi har su tsufa ba sa ganin komai. Amma..."

"Amma gudu ya fi maka sauƙi!" Tsinke ta cire gilashin daga idonta. "Shekara bakwai na jira ka, ban san abin da ke jininka ba. Yanzu takarda ce za ta kore ka? In ya zo, hannuna ya riga ya san rabin kofi. In bai zo ba, ka sha cikakke har ka ƙware!"

Sallama suka ji daga ƙofa. Inna ce, Gwaggo na biye da ita tana haki. Inna ta ga akwatin da ya haɗa a ɗaki, ta san ɗanta.

"Na zo karɓar agogona," ta ce. Sai ta dubi Tsinke. "Na kuma zo roƙo, 'yata. Na guje wa gidanku, ashe kayan a kaina suke. In za ki karɓe shi a yadda yake..."

Tsinke ta faɗa jikinta, suka yi ta kuka. Da suka natsa, Inna ta ɗauki filas ɗin da kanta, ta zuba wa Mai Agogo shayi. Daidai rabi hannunta ya tsaya, ba tare da ta duba ba.

Bayan wata uku aka yi auren. Agogon ya koma bangon falo yana tafiya, Auta kuma ya sami aiki a ɗakin gwajin asibitin da ake duba surukinsa, akwatin ya koma ƙarƙashin gado ya yi ƙura.

Ba gidan da ba shi da abin da ya gada, don haka kada ka auna na wani kafin ka leƙa naka. Mai haƙuri kuma, ko rabin kofi aka ba shi, in hannun mai ƙaunarsa ne ya zuba, ya ishe shi.