Hayaƙin Kogon Agwada

Ma'u tana tankaɗen garin tuwo a tsakar gida, rana ta sauka bayan duwatsun Roni, sai ta ji ƙarar jifa a kan kwanon rufi. Ta zaci yaran unguwa ne. Ta buɗe baki za ta yi musu tas, wani dutsen ya faɗo cikin garin nata. Tana ɗauka ta yar, don zafinsa kamar yanzu aka zaro shi daga murhu, ga ƙaurin ƙonanniyar leda yana tashi a jikinsa.

Mijinta Maikasuwa yana kan tabarma ya miƙe ƙafa, 'yarsu tilo Barira tana cire masa ƙaya da allura. Haka suke yi duk ranar da ya sauko daga dutse, tana cirewa tana tsokanarsa. Sana'arsa ke nan, jagorar baƙi masu yawon buɗe ido. Ya hau da su, ya nuna musu koguna da tsuntsaye da agwada, 'yar dabbar nan ta dutse mai kama da gafiya marar wutsiya. Mutum ne mai daɗin baki, ba ya son baƙo ya sauko bai yabe shi ba.

Allurar ta suɓuce daga hannun Barira. Ta fara tari, irin na wanda hayaƙi ya turnuƙe, hawaye na zuba. Sannan ta ɗago ta dubi ubanta, ta ce da wata tsohuwar murya wadda ba tata ba, "Sun ji daɗin kallon?"

Daga ranar gidan ya daina zama gida. In magariba ta kawo kai, duwatsu masu zafi su yi ta sauka. In aka ƙyasta ashana, Barira ta zube tana kakarin mutuwa, har dole aka daina hura wuta, sai maƙwabta ke aiko da abinci. An kai ta asibiti a Kazaure, aka duba ƙirjin, ba a ga komai ba. Yarinya ta rame, numfashinta kullum raguwa yake. Tsoro ya cika Ma'u, ta tsare mijinta.

"Maigida, me ka taɓa a dutsen nan?"

"Ni? Wallahi ban san komai ba."

Amma bai yarda sun haɗa ido ba.

Ma'u ce ta aika Gwiwa aka ɗauko Malam Ukasha, dattijo marar yawan magana wanda ya daɗe yana fama da irin waɗannan baƙi na ɓoye, wato aljanu. Ya iso bayan la'asar, ya zauna daga gefen kan yarinyar ya kama karatu a hankali. Inuwar katanga ta rufe tsakar gida. Kaji suka yi tsit. Can Barira ta tashi zaune, idanunta a kafe.

"Ke wace ce, baiwar Allah?" in ji Malam.

"Mai kogon agwada. Tun zamanin kakan Maikasuwa ina ciki."

"Me yarinya ta yi miki?"

"Tambayi wancan. Ubansa maharbi ne, amma bai taɓa zuwa ƙofata bai yi sallama ba. Shi ya koya masa: ba a kai wuta bakin kogo, mai son ganin agwada ya zo da hantsi, ya zauna shiru, za su fito shan rana da kansu. Ƙarya nake, Maikasuwa?"

Maikasuwa ya sunkuyar da kai.

Muryar ta ci gaba, tana jan numfashi da kyar. Baƙi ne suka zo da yamma suna sauri, suna son hoto. Ita matar cikinsu, Monica, har ta ce a haƙura. Maikasuwa ne ya ƙi. Ya tattara ledojin ruwa da robobin da baƙinsa na baya suka zubar, ya cusa a bakin kogo ya cinna wuta, don hayaƙi ya koro dabbobin.

"Sun fito a guje, an ɗauki hoto, an tafa masa. Ƙananan ba su fito ba. Nawa ɗan yana barci a cikinsu, shi ma bai fito ba. Numfashi aka ɗauke mini, numfashi zan ɗauka."

Ma'u ta ɗora hannu a ka, kuka ya ƙwace mata.

"Ki ji tsoron Allah," in ji Malam. "An zalunce ki, ban musa ba. Amma yarinyar nan ba ita ta ƙyasta ashana ba."

Aka daɗe ana ja. Malam ya ƙara karatu, jikin Barira na karkarwa, har muryar ta yi laushi.

"To, ya ba ni dutsen, in ba shi 'yarsa. Ya rantse ba zai ƙara hawa da kowa ba har ya mutu. Yanzu zan fita."

Ma'u ta juya tana jiran ya yi caraf ya amsa. Shi kuwa sai ya kau da kai, har ta ji kamar ta shaƙe shi. Ya gyara zama, ya sosa ƙeya.

"Malam," ya ce a hankali, "akwai waɗanda za su taso daga Abuja ranar Asabar, na riga na yi musu alkawari. Ko za a roƙe ta, in an gama da waɗannan..."

Malam Ukasha ya rufe ido. Wata muguwar dariya ta fito daga bakin Barira.

"Bar shi, Malam, na ƙoshi. Zan fita ba rantsuwa, dutsen ma na bar masa. Amma kunnuwan yarinyar a buɗe na bar su tun ɗazu. Duk ta ji."

Barira ta yi atishawa ta sulale. Aka kira sallar magariba. Da ta farfaɗo numfashinta garau, ta nemi ruwa, ta riƙe hannun uwarta gam.

Ranar Asabar Maikasuwa ya hau da baƙinsa. Ko tsuntsu ba su gani ba, balle agwada, sai baƙin tabo a bakin kogo da narkakkiyar roba. Baƙin suka sauko rai a ɓace, labari ya bazu, ba wanda ya ƙara nemansa.

A yammacin Asabar ɗin ya shigo yana ɗingishi, ƙaya ta nutse masa a diddige. Ya zauna kan tabarma, ya miƙe ƙafa.

"Barira, zo ki cire wa Babanki."

Ma'u na kallo Barira ta fito daga ɗaki, ta soke allurar a bakin tabarma, nesa da ƙafarsa.

"Ga ta nan," ta ce, ta wuce madafa ta hura wa uwarta wuta.