Bututu Na Biyu

Yayata Dakta ba ta san kunya ba, ita ce ma mai ba mutane kunya. Ta yi shekaru tana bincike a kan wani tantani mai kama da farar leda, da ake jerawa a cikin na'ura. A tura ruwan dattin masana'anta ta tsakaninsa, a kunna lantarki, tantanin ya zare gishiri da narkakken ƙarfe. Bututu biyu ne ke fitowa. Na farko ruwa garau, shi take tara a kofi ta sha a gaban baƙi, a yi ta tafi. Na biyu, inda dafin ke taruwa, ba wanda ya taɓa tambayar ina yake zuwa.

Ran nan da magariba ta koma ɗakin gwaji ta jiƙa tantanin, don in ya bushe tsagewa yake, ga shi washegari masu ba da tallafi za su zo, kuma aikin nata duka a hannunsu yake. Jarkokin bututu na biyu sun cika maƙil, motar kwasarsu ta daɗe ba ta leƙo ba. Sai Yaya ta yi abin da ta saba in ba idon kowa: ta ja jarka zuwa kwatar bayan gini ta tuntsurar.

Ruwan ya gangara yana tsuwwa. Wari ya taso, na tsatsa da ruɓaɓɓen ƙwai.

Da ta dawo, na'urar ta yi shiru. Ba ita ta kashe ba. Sai ɗigar ruwa kawai, ɗis, ɗis. A ƙasa akwai sawun ƙafa a jiƙe. Ba daga ƙofa ya faro ba, daga ramin magudanar da ke tsakiyar ɗakin ne.

Wata mata na zaune a kujerarta, da goyo, mayafinta sharkaf.

"Sannu da aiki, Malama," ta ce a hankali. "Ke ce mai shan ruwa a gaban baƙi?"

Yaya ta ɗaga kai alamar e.

"To, ga baƙi kin yi."

Matar ta ɗauki kofin nan. Ta wuce bututu na farko. Ta tara a na biyu, ruwa kore-kore mai kauri, ta miƙo. Fatar hannunta ta saɓule har gwiwa.

"Mu shi muke sha. Da shi nake wa wannan wanka."

Goyon ya yi tari. Tari ne na tsoho.

Yaya ta rantse min ba tsoro ne ya dasa ta a wurin ba, kunya ce, irin wadda ke sa mutum ya so ƙasa ta tsage. Ta karɓi kofin. Hannunta ya fara ɗagawa, ba da izininta ba.

Bakin kofin ya taɓa leɓenta. Zafi kamar garwashi.

"Baiwar Allah, ki yi haƙuri," ta ce da ƙyar. "Na san abin da ke ciki."

"Ai da ba ki sani ba, da ban zo ba."

Ruwan ya taɓa haƙoranta.

Goyon ya sake tari, ya sarƙe. Matar ta juya tana jijjiga shi. Hannun Yaya ya saki.

Kofin ya faɗi. Yaya ta fita ba takalmi.

Washegari baƙi suka cika ɗakin, shugaban sashe ya tara ruwa garau ya miƙa mata yana murmushi. Ta dubi kofin ta ajiye. Ta ce su biyo ta, ta kai su bayan gini, ta nuna musu kwatar da ciyawar da ta ƙone a gefenta, ta faɗi cewa ita ce ta zuba. Tallafin bai zo ba. Yanzu a ɗan ƙaramin ɗaki take aiki, kuma duk bincikenta ya koma kan bututu na biyu.

Tabon leɓenta bai ɓace ba. Ni da na sha tsiyarta tun ina ƙarama, na so in rama, amma na kasa. Har yau, ko a gida ne, ko ni kaɗai ce a ɗakin, in na miƙa mata ruwa sai ta juya ta fuskanci bango sannan ta sha.