Tsamiyar Ƙarƙashin Babbar Waya

Da magariba mai duba layin lantarki ya dawo gida. Ya rataye hular kwanonsa a ƙusa, yana cikin kwance igiyar takalmi sai dutse ya faɗo a kan rufin ɗaki. Na biyu ya faɗa cikin randa. Ya leƙa waje, babu kowa. Gidan nasu shi kaɗai ne a kusa da turakun babbar waya, ba a jin komai sai gunjin da take yi ba fashi.

Aikinsa shi ne hana gini ko itace kusantar wayar, kuma mutum ne da ko uwarsa ce ta kafa rumfa a ƙarƙashinta sai ya sa an rushe. A makon nan ya sa aka sare wata tsohuwar tsamiya da rassanta suka kusa taɓa waya. Tun rasuwar matarsa daga shi sai 'yarsa Auta, kuma tana barci yake fita.

Jifa ya zama na kullum. Auta ta daina cin abinci, sai ta fuskanci bango tana hira ƙasa-ƙasa. Ranar da ta amsa sallamarsa da muryar tsoho, ya juya nan take. Ya je ya ɗauko wani malami mai ruƙiyya.

Malam ya daɗe yana karatu kafin Auta ta ɗago kai.

"Wane ne kai?" in ji Malam.

"Mai gidan da aka sare," in ji muryar. "Dangina sun tashi tun da aka kafa turaku, gunji ya dame su. Ni kaɗai na rage. Kututturen yana toho. Ubanta ya bar shi ya girma, in bar masa 'yarsa."

Uban ya dubi wuyan Auta da ya rame. Ya san idan zafi ya yi waya takan saki ta yi ƙasa, ya kuma san makiyaya ba sa wuce inuwa.

"Ba zan iya ba," ya ce, hawaye na zuba. "Wuta za ta biyo itacen ta kashe ɗan wani. Ka kama ni, ka sake ta."

"Kai? In yi me da kai, mutumin da ba ya magana? Ita ce ta fara ce mini sannu."

Malam ya yi ta lallashi da tsawa, har ya yi masa kwatancen wata kuka a bayan tsauni, inda waya ba ta bi ba. Muryar ta yi ajiyar zuciya ta yarda. Auta ta yi atishawa, ta sulale a kan tabarma.

Da ta farfaɗo, bangon ta fara kallo.

"Baba, ya tafi?"

"Ya tafi, Auta."

"To gobe da wa zan yi hira?"

A waje wayar tana ta gunji.