Kwalbar Da Ta Zo Daga Kotonu

"Tofar da shi! Nana, na ce ki tofar!" in ji Goggo.

Nana ta tofar, ta ƙara tofarwa, ta goge harshe da gefen zane. Ɗaci da zartsi suka riƙe mata maƙogwaro har idonta ya kawo ruwa.

Matan ruga sun kewaye ta a bakin bukkar Goggo. Minti kaɗan da suka wuce guɗa suke yi, don saƙo ne ya iso daga Hambali, saurayi Bahaushe da aka riga aka karɓi goronsa: zane biyu, sabulu mai ƙamshi, da wata koriyar kwalba cike da ruwa garau, an toshe bakinta da totuwa.

Yanzu guɗar ta mutu.

Goggo ta juya ga wadda ta kawo saƙon, Tala mai fura a tashar Gidan Rumji. "Ke, mi ya ce miki da ya ba ki kwalbar nan?"

Tala ta sunkuyar da kai kamar mai jin kunya. "Ni dai Goggo, kada a sa bakina... Cewa ya yi in tabbata ta sha, kuma kada babba ya gani."

"La'ilaha illallahu!"

"Ai kun san mutanen bakin ruwa," in ji Tala a hankali. "Mace in ta sha irin nasu, ko uwarta ba ta ƙara ganewa."

Aka kira Baffa Giɗaɗo, mahaifin Nana. Mutum ne da ya san rijiyoyin ƙasar nan da harshensa, tun daga Cadakori har inda shanu ke kaiwa da damina. Ya tsoma ɗan yatsa, ya ɗanɗana, fuskarsa ta haɗe.

"Wanga ruwa ko jaki ba ya shan shi."

"Baffa..."

"Yi mini shiru! Kaɗo ya rasa abin da zai aiko gidan mai shanu sai ruwan da saniya ba ta sha? In ba asiri ba ne, to zagi ne. Ran kasuwa mai zuwa zan kai musu goronsu da tsummokaransu!"

Saura kwana bakwai ke nan.

Goggo ta hana a zubar da ruwan a ƙasar da shanu ke takawa. Ta juye shi a wata faffaɗar tasa, ta ɗora bisa rumfa, ta ce rana ta ƙone sharrin da ke ciki.

Nana ta shige bukka ta faɗi kan tabarma. Kuka ya ƙi zuwa, sai zuciya da ke tafasa.

Abin da ya fi ƙona ta, da murnarta ta kafa kai ta sha, a gaban kowa!

Shekarar nan ce aka sauke tutar Faransa aka ɗaga tamu, samari duk kansu ya kumbura, kowa gani yake duniya ta buɗe masa. Hambali kuwa tasa ta riga ta buɗe, don yana rakiyar buhunan gyaɗar maigidansa a kamyo, babbar motar kaya, har Paraku, daga can a jirgin ƙasa har Kotonu. Duk dawowarsa sai ya tare Nana a bakin rijiya da yamma ya cika ta da labarin teku.

"Akwai wata gadar ƙarfe da ta shiga cikin ruwa, Nanata. In kika tsaya a ƙarshenta da la'asar sakaliya, da idonki za ki ga rana ta yi ja, ta sauko, ta nutse cikin ruwa tsundum!"

"Ƙarya kake, Kaɗo. Rana bayan gawon Baffa take faɗuwa."

"Wallahi ruwa ne ba iyaka!"

"To ɗebo mini in gani."

Shi ya sa da ta ga kwalba zuciyarta ta buga, ta ce ya cika alkawari. Amma wane irin tabki ne Allah zai cika da ruwa har ya haɗe da sama, sannan ya hana a sha? Wannan ba ruwan teku ba ne. Haɗi ne!

Kwana uku bayan haka ta ɗauki ƙwaryar nono ta nufi Gidan Rumji, ba don ciniki ba. Ta ji kamyonsu ya dawo.

Ta same shi a tasha yana ɗaure igiya, ya naɗe hannun riga, yana fito da baki kamar wanda bai taɓa laifi ba. Da ya hango ta sai ya diro.

"Hasken idona! Kin ga saƙo?"

Ta sauke ƙwarya a hankali, don nonon Goggo ne. Sannan ta miƙe.

"Mi na yi maka, Hambali?"

"Kamar yaya?"

"Ni da na ƙi Sajo ɗan kawuna saboda kai! Ni da aka yi wata uku ba a yi mini magana a ruga don na ce sai Kaɗo! Wace mallaka kake nema wadda ban riga na ba ka da hannuna ba?"

Mutane suka fara taruwa. Masu dako suka ajiye buhu.

"Nana, sassauta murya..."

"Ba ni sassautawa! Ka aiko mini guba a kwalba ka ce in sha a ɓoye!"

"Ki sha?" Ya dafe kai. "Wa ya ce ki sha? Ruwan teku ne! Na ce wa Tala ta gaya miki na kallo ne, kada ki kuskura ki kai baki, zartsi gare shi. Har sau biyu na faɗa mata!"

Tala na zaune nesa kaɗan tana dama fura, ludayinta bai ko tsaya ba. "Ni dai abin da kunnena ya ji shi na faɗa. Injin mota na ruri."

"Ke Tala, ki ji tsoron Allah!"

"Ka bar ta!" Nana ta daka masa tsawa. "Shekara guda kana ba ni labarin tekun nan, ka faɗi jar rana, ka faɗi jirage, ka faɗi kifi mai girman maraƙi. Ko sau ɗaya ka taɓa cewa ruwan ba ya shayuwa?"

Gaskiya ne, bai taɓa ba. Wanda ke neman aure ba ya kawo aibin abin da yake yabo.

"Na tsaya cikin ruwa har ƙugu, igiyar ruwa ta kayar da ni sau biyu, na rasa takalmina ƙafa guda, duk don in cika miki kwalbar nan," ya ce. "Na rungumo ta kwana biyar kamar jinjiri. Sai ki tsaya tsakiyar tasha ki kira ni mai asiri? Kin yarda da mai fura kin ƙi yarda da ni?"

"Mai furar ka ba amana, ba ni ba! Ƙafarka ta karye ne da ba ka kawo da kanka ba?"

"Mota ba ta jira!"

"To ni ma ba ni jira! Ran kasuwa ka zo ka karɓi goronka!"

"Allah ya kai mu!"

Ta ɗauki ƙwarya ta juya. Tana jin muryar Tala a bayanta, laushi kamar man shanu: "Hambali, zo ka sha fura ka huce..."

Har ta isa ruga haƙoranta a cije suke.

Ana gobe kasuwa, Goggo ta ƙulle zannuwa da sabulu da koriyar kwalba a tsumma guda. Nana na zaune tana kallon ƙullin kamar gawa.

Sai ƙarar tasa, ƙwararam!

Fure ce, farar saniyar da Baffa ya ba Nana tun tana goye. Ta miƙa wuya bisa rumfa ta turo tasar nan ƙasa, ta kafa kai tana lasa, tana lumshe ido. Wasu shanu biyu suka taho suna tunkuɗe ta.

"Wayyo saniyata! Goggo, za ta mutu!"

Nana ta fizge tasar. Babu ruwa ko ɗigo, rana ta shanye shi. Abin da ya rage wani farin ɓawo ne mai ƙyalli, ya lulluɓe gindin tasar kaf.

Baffa ya ƙaraso da sandarsa. Ya kankaro da farce, ya duba, ya kai baki. Ya daɗe yana tsotsa. Ya sake kankarowa.

"Gishiri," ya ce.

"Gishiri?" in ji Goggo.

"Kuma mai kyau. Ya fi wanda muke saye hannun Buzaye." Ya dubi Fure da ke bin tasar da hanci. "Shekara hamsin ina kiwo, ban taɓa ganin saniya ta yi rububin abin sharri ba."

Goggo ta zauna daɓas. "Ashe gishirin aure yaron nan ya aiko, mu muka yi masa jahilci..."

Baffa ya shafa gemu. "Yaron da ya san ya aiko gishiri gidan mai shanu, ya san abin da yake yi. Kwance ƙullin nan."

Hambali dai, Allah ya sani, bai taɓa sanin ruwan nan na zama gishiri ba. Amma da aka gaya masa washegari bai musa ba, don yawon duniya ya koya masa inda ake yin shiru.

Nana ce ta fara isa tasha ran kasuwa, tasa a hannu. Ta wuce kai tsaye wurin Tala, ta kankare sauran gishirin nan tas cikin ƙwaryar furarta.

"Ke! Kin haukace?"

"Sha. Ki tabbata kin sha, kuma kada babba ya gani."

Tasha ta kwashe da dariya. Tala ta yi ta zage-zage, amma ranar ko ludayi guda ba ta sayar ba.

Hambali na jingine da kamyo, fuska a murtuke.

"Kin zo da goron?"

"Ban zo ba ka haƙuri ba, Kaɗo."

"Ni ma ban nema ba."

"Har yanzu ina jin haushinka."

"Ni nawa ya fi."

Suka tsaya suna hararar juna. Ita ce ta fara kau da kai.

"Kwana bakwai ban ci abincin kirki ba..." ta ce ƙasa-ƙasa.

"Ni kuwa furar Tala ko kallonta ban yi ba, 'yar Fulanina. Rantse miki zan yi?"

"Ba rantsuwa nake so ba. Zartsin na yarda. Saura rana. In an ɗaura, ka kai ni in ga ta nutse da idona."

Aka ɗaura aure bayan ƙaramar salla, zafi ya fara shigowa. Dangin Hambali suka ce ba a taɓa amaryar da ta bar ɗaki ta tahi kallon ruwa ba. Hambali ya ce ai ba a taɓa ƙasar nan da tutarta ba sai bana. Ya sa ta gaban kamyo.

Kwana biyar suna hanya. Ta yi amai a mota, ta toshe kunne a jirgin ƙasa, ta rantse ba ta ƙarawa.

Da ta ga teku kuwa, sai ta damƙe hannunsa ba ta sani ba. Ruwa na tasowa kamar garken fararen shanu, ya fashe a kan yashi, ya koma, ya sake tasowa. Ba gaɓa a ƙetare. Ba komai sai ruwa da sama.

Ya roƙi mai gadi, wani Bazabarme da ya sani, suka taka gadar ƙarfen har ƙarshe. Rana ta yi ja. Ta sauko.

Rana ta karkata dama... ta bar ruwa... ta shige bayan itatuwan kwakwa da ke bakin gaɓa, ta ɓace.

A kan tudu. Kamar a ruga.

"Hambali."

"Wallahi da sanyin nan a cikin ruwa take..."

"Kwana biyar! Hanjina ya kusa fita ta baki! Don in zo in ga rana ta faɗi bayan itace? Itace ne babu a gidan ubana?"

"Nanata, tsaya ki ji..."

"Kada ka Nanata ni! Maƙaryaci!"

Ba ta ci tuwon da matar mai masauki ta kawo ba. Shi ma bai ci ba, yana ta juya abin a ransa, don shi kansa bai san inda aka sauya masa rana ba.

Da asuba bayan salla ta fita ita kaɗai. Ya bi ta a baya, ba ta waiwayo ba. Ta zauna a kan yashi ta juya wa yamma baya, don ta ce ba ta ƙara kallon wajen.

Can ƙarshen ruwa ya fara ja. Sai ga bakin rana ya leƙo kamar garwashi. A hankali rana ta taso daga cikin teku, jajir, ta shimfiɗo hanyar wuta a kan ruwa har zuwa ƙafafunta.

Hawayen da suka ƙi zuwa ranar kwalba, yau suka zo.

"Kai da wa kuka yi kiwo?" ta ce, ba ta dube shi ba. "Ko a ruga, da sanyi bayan gawo take faɗuwa, da bazara ta matsa wajen rijiya. Tafiya take yi. Kai da sanyi ka gan ta, ka kwaso ni da zafi."

Ya zauna kusa da ita, ya yi ajiyar zuciya. "To kin yarda ba ƙarya na yi ba?"

"Faɗuwa ka yi mini alkawari. Wannan fitowa ce."

"Haba zuciyata..."

"Da sanyi za ka dawo da ni."

"Ke da kika rantse ba ki ƙara shiga mota?"

Ta kwance gefen zanenta. Koriyar kwalbar nan ce, tun daga ruga take ɓoye da ita. Ta dangwara masa a cinya.

"Tashi ka cika. Fure na jira. Kuma wanga karo ka cire takalmi."